Amsa kan kuskuren izini wajen tura ma'aunai zuwa Cloud Monitoring

Malam, ka ce manhajarka ta Python tana tura ma'aunai (alƙaluman da ke nuna yadda manhaja ke aiki) zuwa Cloud Monitoring, sabis ɗin Google na sa ido kan manhajoji, lafiya lau daga kwamfutarka, amma da ka ɗora ta a kan sabar sai ta fara dawo da kuskure mai lamba 403, wato an hana ta izini. A ganina laifin ba na laburaren google-cloud-monitoring ba ne, domin a kwamfutarka yana aiki ne da shaidar da ka samar ta umarnin gcloud auth application-default login, a sabar kuwa yana ɗaukar asusun sabis (asusun da manhaja ke amfani da shi, ba mutum ba) da aka maƙala mata, wanda wataƙila ba shi da izinin rubutu. Ka ba wannan asusun matsayin roles/monitoring.metricWriter, wato izinin rubuta ma'aunai, ya wadatar, kada ka ba shi ikon mamallakin aikin (Owner) gaba ɗaya don kawai ka huta.

Akwai wani tarko da ya taɓa cinye mini yini guda. Kiran create_time_series, wanda da shi ake tura ma'aunan, ba ya karɓar jeri (jerin ƙimomin ma'auni bisa lokaci) fiye da 200 a lokaci ɗaya, kuma kowane jeri ɗigo ɗaya tak (ƙima ɗaya da lokacinta) yake ɗauka a kowane kira, wanda dole lokacinsa ya zo bayan na ɗigon da ya gabata. Sannan ka tabbata sunan ma'auninka ya fara da custom.googleapis.com/ kafin ka sake gwadawa.