Renon yara a Ingila: gidan reno ko matar unguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni da maigidana muna aiki a Manchesta, ɗanmu zai cika wata tara a Nuwamba. Na ji gwamnati na biyan kuɗin reno. In kai shi gidan reno ne, ko in nemi matar da ke reno a gidanta? Kuɗin ke tsorata ni.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Kafin komai, duba takardar zamanki. Idan bizarku ta hana karɓar tallafin gwamnati, awa 30 ta reno kyauta a mako da ake ta zance ba ta shafe ku ba, sai dai idan ɗayanku yana da izinin zama na dindindin, to shi zai nema. Nan ne mutanenmu da yawa ke tuntuɓe, har ran mutum ya ɓaci bayan ya gama lissafi. Amma da yaro ya kai shekara 3, awa 15 ta reno kyauta a mako haƙƙinsa ce daga zangon karatun da ya biyo baya, kowace irin biza kuke da ita.

Idan kun cancanta, tun Satumbar 2025 ake ba yara daga wata tara awa 30 a mako. Sharaɗi: kowannenku ya samu aƙalla kuɗin aikin awa 16 a mako bisa mafi ƙarancin albashi, kuma kada ya haura fam 100,000 a shekara. Ɗanki zai fara ne 1 ga Janairu, wato zangon karatun da ya biyo bayan cikarsa wata tara, don haka ki karɓi lambar shaidar cancantarki a shafin gwamnati na intanet kafin Disamba ta ƙare, ki riƙa sabunta ta duk wata uku.

Kada kalmar "kyauta" ta ruɗe ki. Mako 38 kawai tallafin yake ɗauka a shekara, kuma abinci da kunzugu galibi daga aljihunki ne. Ki sa masu renon su rubuta miki jimillar abin da za ki biya a wata. Ragowar kuma ki biya ta asusun Tax-Free Childcare: duk fam 8 da kika zuba, gwamnati ta ƙara 2, har zuwa fam 2,000 a shekara.

Ni dai, ga jariri ɗan wata tara, na fi son matar da ke reno a gida. Yara kaɗan ne a hannunta, kuma ta fi sassauci idan kina aikin sassafe. Ki tabbata tana da rajistar Ofsted, wato hukumar da ke sa ido kan makarantu da wuraren reno, ko ta wata cibiyar masu reno da Ofsted ta amince da ita, don in babu rajista tallafin ba zai bi ku can ba. Ki kuma yi mata maganar abincin halal tun ranar farko.