Mai neman mafaka da ɗan gudun hijira: ina bambancin?

Wani mai karatu daga Maraɗi ya tambaya ko "mai neman mafaka" da "ɗan gudun hijira" abu ɗaya ne, kuma ko karin maganar nan ta "kowa ya bar gida, gida ya bar shi" ta hau kansu.

Kalmar mafaka daga aikatau "fake" ta fito, bisa tsarin sunan wuri, kamar yadda rini ya haifi marina, jima ta haifi majema. Asalinta wurin da mutum ke raɓewa idan hadari ya taso masa a hanya, ko zauren wani ko rumfar mai shayi. Wanda ya zo fakewa a zauren da ba nasa ba sai ya yi sallama, ya tsaya jiƙe a bakin ƙofa har mai gida ya ce masa bismilla. To, mai neman mafaka shi ne wannan na bakin ƙofa: ya miƙa buƙatarsa ga hukumar wata ƙasa, ana yi masa tambayoyi, ba a kai ga yanke hukunci ba.

Hijira kuwa aro ce daga Larabci, kuma Bahaushe ya san ta da nauyin addini, tun daga ta Manzon Allah (SAW) zuwa Madina a 622 har ta Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ni dai hijirar Habasha ta fi kama mini da abin da ake yi a yau, domin Ƙuraishawa sun aika a maido musu da waɗanda suka gudu, Najjashi, sarkin Habasha, ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, sannan ya ƙi miƙa su. Wannan ƙin mayar da mutum inda za a zalunce shi shi ne ginshiƙin yarjejeniyar Jeniba ta 1951, wadda ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ya tsallake iyakar ƙasarsa saboda tsoron zalunci kan launin fata, addini, asalin ƙasa, ra'ayin siyasa ko kasancewarsa cikin wani rukunin jama'a. Yarjejeniyar Afirka ta 1969 ta ƙara da waɗanda mamaya ko babban tashin hankali ya kora. A bakin mutane dai kalmar ta fi haka faɗi, shi ya sa ake kiran 'yan Najeriya da ke sansanin Minawao a Kamaru da waɗanda rikici ya raba da gidajensu amma ba su bar Borno ba da suna ɗaya.

Game da karin maganar, ina roƙon kada a jefe su da ita. An yi ta ne domin wanda ya tafi da ganin damarsa ya yi watsi da zumunci. Matar da ta goya ɗanta cikin dare ta tsallaka kogin Komadugu zuwa Diffa, ta baro hatsi a rumbu da akuya a turke, ba ta zaɓi tafiya ba, kuma ba ta daina tambayar labarin garinsu ba.