Fayil ɗin lissafin shago ya ƙi buɗewa: in sayi manhajar gyara?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari ya rubuto cewa an ɗauke wuta yana cikin shigar da cinikin rana, kuma tun daga nan fayil ɗin Microsoft Access mai ɗauke da lissafin kaya da sunayen waɗanda yake bi bashi ya ƙi buɗewa. Mai gyara ya ce sai an sayi wata manhaja da dala, shi ne yake tambaya ko ya biya.

Alhaji, Allah ya kiyaye gaba, amma kada ka fitar da ko kwabo tukuna. Da farko a kwafi fayil ɗin a filas guda biyu, kuma duk gwajin da za a yi a yi shi a kan kwafi, domin manhajar gyara takan zubar da ɓangaren da ta kasa karantawa, idan kuwa a kan asalin aka yi, babu komawa baya. Bayan haka a gwada Compact and Repair Database, wato abin gyaran fayil wanda yake cikin Access ɗin kansa kyauta. Ɗaukewar wuta takan katse rubutu ne a tsakiya, saboda haka sau da yawa yawancin bayanan suna nan lafiya.

Idan hakan bai yi ba, manhajojin kuɗi irin su Stellar Repair for Access suna nuna abin da za su iya cetowa kafin a biya. Ka zauna kusa da mai gyaran ka duba da idonka: sunayen abokan ciniki sun fito, adadin kuɗin ya yi daidai, cinikin makon ƙarshe yana ciki? Sannan ka auna farashin da bashin da ba ka da wata shaidarsa. Idan rasit da alat na banki da saƙonnin WhatsApp za su iya tayar da lissafin, sa yaron shago ya sake shigarwa ya fi arha.

Ban yarda a sa maka manhajar sata ba, domin da yawa suna zuwa da ƙwayar cuta mai kulle fayiloli, kuma kada mai gyara ya tafi da kwafin, tunda asirin mutanen da suka amince da kai ne a ciki. Da zarar fayil ɗin ya dawo, ka sayi UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, ka kuma riƙa tura kwafi zuwa Google Drive kullum kafin rufe shago, inda gigabait 15 na farko kyauta ne.