Amsa: In ɗauki lissafi mai zurfi a ƙarshen sakandare?

Ƙanena, tambayarka ita ce ko ka ɗauki lissafi mai zurfi a shekarun ƙarshe na sakandare alhali a lissafin gama-gari ma makinka matsakaici ne. Eh, ka ɗauka, musamman in injiniyanci ko fiziks ko kimiyyar kwamfuta kake son karantawa a jami'a, domin kalkulas ɗin da za ka fara taɓawa yanzu, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, shi zai tare ka tun shekarar farko a can, kuma malami ba zai tsaya jiranka ba.

Amma fa da sharaɗi, sai aljabararka, wato lissafin da ake yi da haruffa a madadin lambobi, ta zauna tukuna. Yaran da nake koya wa lissafi galibi ba sabon darasin ne ke kayar da su ba, kowa zai iya haddace ƙa'idar kalkulas da ta ce x² yana komawa 2x, inda suke tuntuɓe shi ne layukan da ke biyo baya, a zo haɗa farakshan a rikice, ko alamar debewa ta ɓace a tsakiyar aiki shi ke nan amsa ta lalace. Don Allah kafin a koma makaranta ka zauna da kwadiratik (lissafin da ke ɗauke da x²) da tirigonometiri (lissafin kusurwoyi da gefunan alwatika), kullum ka warware ko guda biyar ne da hannunka, kar ka leƙa amsar bayan littafi sai ka gama.