Amsa ga 'yar'uwar da ke son goge shafinta: ki dakatar da shi tukuna

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki. Kin ce Facebook da Instagram sun ishe ki, suna cinye miki lokaci, ga wasu da suka sa ki a gaba da baƙaƙen maganganu duk abin da kika wallafa, har kina tunanin ki goge komai ki huta, sai dai kina jin tsoron rasa hotunanki da tsofaffin saƙonni. Na ga wasu sun ce miki ki goge kawai. Ni tawa shawarar daban ce: ki dakatar da shafin tukuna, gogewa ta biyo baya idan zuciyarki ta huce kuma kin ga har yanzu ita kike so. Na bi hanyoyin nan biyu. Akwai shafin da na dakatar na dawo na same shi yadda na bar shi, akwai wanda na goge gaba ɗaya kuma ban yi kewarsa ba. Abin da ya raba su shi ne dalilin tafiyar da kuma shirin da na yi kafin in taɓa komai.

Idan kika dakatar da asusunki na Facebook, ɓoye shi aka yi. Wanda ya nemi sunanki ba zai gan ki ba, hotunanki da rubuce-rubucenki sun ɓace wa mutane, amma suna nan a ajiye. Ranar da kika sa kalmar sirrinki kika shiga, komai ya dawo, har abokanki da guruf-guruf ɗin da kike ciki. Za ki iya barin Messenger yana aiki ko da shafin a dakace yake, don haka 'yan'uwa da ƙawaye na kusa ba za su rasa ki ba. Instagram ma haka yake, hotuna da sharhi duk suna ɓuya har sai kin dawo, illa dai sau ɗaya a mako suke bari a dakatar, kuma idan kina da Threads, manhajar rubutu da ke haɗe da Instagram, shi ma zai bi sahu. Duka biyun a wuri ɗaya ake yi yanzu, a cikin saiti, sashen da Meta, kamfanin da ya mallake su, ta haɗa asusun Facebook da Instagram, ƙarƙashin bayanan mai asusu. A nan za a ajiye miki zaɓi biyu kusa da juna, dakatarwa da gogewa. Ki karanta da kyau kafin ki danna.

Gogewa kuwa tafiya ce da ba dawowa. Suna ba da kwana 30 na canza shawara, a da kwana 14 ne a Facebook kafin su ƙara a 2018. Idan kika shiga cikin waɗannan kwanaki za ki iya soke buƙatar. Da sun cika, shi ke nan, babu wanda za ki roƙa ya dawo miki da hoto ko ɗaya. Su kansu sun ce share bayanan daga na'urorinsu kan ɗauki har kwana 90, amma ke ba ki da hanyar isa gare su a wannan lokacin.

Ga abin da nake so ki fi riƙewa, domin shi ne mutane da yawa ba sa ganewa sai bayan sun goge. Gogewa tana share abin da ke hannunki ne kawai. Saƙonnin da kika tura wa mutane suna nan a akwatinsu, za su ci gaba da karantawa. Hoton da ƙawarki ta ɗauka kina ciki ta ɗora a nata shafin yana nan. Wanda ya ɗauki hoton allon rubutunki ya ajiye a wayarsa, yana nan da shi. Har Google kan ci gaba da nuna sunan shafin na ɗan lokaci kafin ya sabunta. Saboda haka idan abin da ke damunki wani tsohon saƙo ne ko hoto da ba kya so ya wanzu, goge asusu ba zai kai gare shi ba, zai ma iya ɗaure miki hannu, domin da asusun ne za ki janye saƙon da kika tura, ki cire sunanki daga hotunan da aka liƙa ki, ki kai ƙarar abin da aka wallafa a kanki. Duk wannan aiki ne na kafin gogewa.

Batun masu zagin nan ya taɓa min rai, Allah ya ba ki haƙuri. Kada ki bari su kore ki ba tare da kin riƙe hujja ba. Ki ɗauki hoton duk abin da suka rubuta, da sunan shafinsu da ranar da suka rubuta, ki adana a wani wuri daban da wayar. Sharhin da suka yi a ƙarƙashin rubutunki zai tafi tare da rubutun idan kika goge, kin ga kin share musu laifi da hannunki. Bayan haka ki toshe su, ki kai ƙararsu ta hanyar da manhajar ta tanada, ki mayar da shafin ya zama abokanki kaɗai ke gani. Idan akwai barazana ga lafiyarki ko ana neman tona miki asiri don a karɓi wani abu, wannan ya wuce batun shafi, ki sanar da wani babba da kika amince da shi, ku kai maganar ga hukuma. Akwai wani abu kuma: a Instagram sunan da kike amfani da shi zai iya komawa hannun wani bayan an goge. Mai nufin ki da sharri zai iya ɗaukarsa, ya sa hotonki, ya riƙa magana da mutanenki da sunanki. Asusun da aka dakatar yana riƙe miki sunan.

Kada kuma ki ɗauka dokar ɗaya ce a ko'ina. A X, wato tsohon Twitter, abin da suke kira dakatarwa farkon gogewa ne, idan kwana 30 suka wuce ba ki shiga ba asusun ya tafi. Snapchat ma kwana 30 ne. WhatsApp ba shi da dakatarwa kwata-kwata. Idan kika goge, za a fitar da ke daga kowane guruf, tarihin hirarki ya tafi har da ajiyar da ke Google Drive, kuma ba a dawo da shi. Cire manhajar daga waya ba ya goge asusu a kowanne daga cikinsu, kodayake WhatsApp kan share asusun da ya yi kwana 120 ba a taɓa shi ba.

Ko da dakatarwar za ki yi, ki fara da sauke bayananki. Facebook da Instagram suna da wurin da za ki nemi kwafin duk abin da kika taɓa ɗorawa. Ki zaɓi tun daga ranar da kika buɗe shafin, ki zaɓi hotuna masu inganci mafi girma, ki zaɓi tsarin HTML domin shi ne za ki iya buɗewa ki karanta kai tsaye. Ba nan take yake fitowa ba, kuma idan ya fito 'yan kwanaki kawai yake yi kafin a ɗauke shi, don haka ki riƙa dubawa. Idan kin sauke, ki buɗe ki gani da idonki. Tun Disambar 2023 Messenger ya fara kulle hirar mutum biyu ta yadda su kaɗai ke iya karantawa, kuma irin wannan hirar tana da hanyar saukewa ta daban, kada ki ɗauka tana cikin babban fayil ɗin ba ki duba ba.

Lokacin da na buɗe nawa kwafin, abin da ya fi tsayar da ni ba hotunan ba ne. Saƙon murya ne na wata 'yar'uwata da ta rasu, gajere, tana tambayata ko na isa lafiya, tana dariya a ƙarshe saboda yaro ya fizge mata wayar. Na manta ma da akwai shi. Babu wani wuri a duniya da muryar nan take sai cikin wannan hira. Shi ya sa nake ce wa kowa ya bi tsofaffin saƙonninsa a hankali kafin ya yanke hukunci, musamman hirar waɗanda ba za su sake turo wani ba.

Sai ki duba inda kika taɓa shiga da asusun Facebook ɗin maimakon buɗe sabo: wasannin waya, manhajar sauraron waƙa ko karatu, shagunan intanet. Jerinsu yana cikin saiti. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki sa musu imel da kalmar sirri tasu, in ba haka ba ranar da asusun ya tafi ƙofarsu ta rufe. Wannan ne kuma ke dawo da shafin mutane ba su sani ba, domin shiga wata manhaja da Facebook tamkar shiga Facebook ɗin ne, dakatarwar ta warware ke nan. Idan kina kula da wani guruf ko shafin sana'a ke kaɗai, ki naɗa wani amintacce tukuna, domin shafin da ke kaɗai ke riƙe da shi yana dakatawa tare da ke. Idan akwai wani abin da ake cire miki kuɗinsa duk wata ta Google Play ko App Store, ki soke shi a can, goge asusu ba ya tsayar da shi.

Game da cin lokaci, dakatarwa kaɗai tana yin aiki fiye da yadda ake zato. A 2018 masu bincike daga jami'o'in Stanford da New York sun biya wasu mutane a Amurka su dakatar da Facebook na mako huɗu. Sun gano cewa mutanen sun samu kusan awa guda a rana, sun ƙara zama da iyali da abokai, sun ɗan ƙara jin daɗin ransu, kuma bayan sun dawo sun rage amfani da shi. Sun kuma rage sanin labaran da ke gudana, wannan ma gaskiya ne, ki shirya masa. Ni ma abin da na gani ke nan. Kwanakin farko hannu ne ke kai kansa wurin da manhajar take, ki buɗe waya ki tsaya kina kallon gurbin ba ki san me kika zo nema ba. Daga baya abin ya lafa. Shi ya sa nake cewa ki haɗa dakatarwar da cire manhajar daga wayar, ki kuma goge kalmar sirrin da wayar ta ajiye, yadda sai kin zauna kin rubuta da niyya kafin ki shiga.

Ban ce kada ki taɓa gogewa ba. Idan bayan wata ɗaya ko biyu kin duba kin ga babu abin da kike nema a can, ko kuma ba kya son kamfani ya ci gaba da riƙe bayananki, ki goge da zuciya ɗaya, domin asusun da aka dakatar bayanansa suna nan a wurinsu. Tsohon shafin da ba a kula da shi ma haɗari ne, shi ɓarayin asusu suka fi so, su shiga su riƙa roƙon kuɗi da sunan mai shi.

Kafin ki tafi hutun, ki tabbata imel da lambar wayar da ke jikin asusun naki ne kuma suna aiki. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya kan sayar wa wani, kuma wanda ya samu lambar zai iya karɓar saƙon canza kalmar sirri. Idan imel ɗin na Gmail ne, Google ma tun Disambar 2023 yana iya share asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba. Ki kunna tabbacin shiga mai mataki biyu, wato a riƙa neman wata lambar tabbaci bayan kalmar sirri, ki rubuta kalmar sirrin a takarda ki adana, ki kuma faɗa wa mutanenki na kusa cewa za ki ɗan ɗaga ƙafa da inda za su same ki, don kada su ga kin ɓace su zaci toshe su kika yi. Idan kin maƙale a wani wuri cikin saitin, ki faɗi irin wayar da kike riƙe da ita, zan nuna miki inda za ki bi in sha Allah.