Ɗana ya ƙwallafa rai a kan littafin katun na matasan jarumai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 14 ya samu wani sabon jerin littattafan katun na Turanci, waɗanda yayansa ke turo masa ta waya, labarin wasu 'yan sakandare da ke yawo a sararin samaniya suna ceton duniya cikin shirme da raha. Da dare nakan ji shi yana ƙyalƙyala dariya a cikin gidan sauro, kuma kwanan baya na tarar ya zana kumbo mai siffar Adaidaita Sahu a bayan littafinsa na lissafi. Mahaifinsa ya ce a ƙwace wayar. Mene ne shawararku? Daga wata uwa a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarata ita ce kada a yi gaggawar ƙwace wayar tun ba ku ga abin da ke ciki ba, domin yaron da ke dariya shi kaɗai a kan rubutu, alama ce ta cewa yana fahimtar abin da yake karantawa, kuma gane barkwanci a harshen da ba naka ba ya fi gane labari tsagwaronsa wuya.

Irin wannan littafi ya daɗe a duniya. A Amurka, Superman ya fara fitowa a 1938, amma shi babban mutum ne, yara kuwa a wancan zamani galibi 'yan rakiyar jarumi ne kawai. Lamarin ya sauya sosai a 1962, lokacin da Stan Lee da Steve Ditko suka fito da Spider-Man, ɗan makaranta maraya da ke zaune a hannun dangi, wanda yake fama da rashin kuɗi da tsokanar 'yan aji, sannan ya fita ya kama ɓarayi. Abin da ke jan yara ke nan: jarumin sa'ansu ne, yana makara, ana yi masa faɗa a gida, duk da haka shi ake jira ya kawo ɗauki. Rahar ma daga nan take tasowa, wato daga tazarar da ke tsakanin girman aikin da ƙuruciyar mai yinsa, kamar yadda muke dariyar Gizo idan ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa.

Damuwar maigida ma ba sabuwa ba ce. A 1954 iyaye a Amurka sun tayar da hankali har wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya zauna a kan batun, masu buga littattafan suka kafa wa kansu dokar tacewa. A yau manyan kamfanonin suna sa alama a bango: harafin T na nufin na matasa ne, M kuwa na manya ne zalla. Ki nemi wannan alama, amma kada ki dogara da ita kaɗai, domin abin da Ba'amurke ke gani daidai ne ga ɗan shekara 14 a sutura da mu'amalar samari da 'yan mata, ba lallai ya dace da tarbiyyar gidanki ba. Fitowa ɗaya ba ta cika wuce shafi 30 ba, kuma zanen kaɗai zai nuna miki inda aka dosa ko da Turancin ya yi miki nauyi. Ki zauna da shi bayan la'asar, ki ce ya fassara miki, za ki ji labarin, ki kuma auna Turancinsa a zama ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne kumbon nan mai siffar Adaidaita Sahu. Yaron bai kwafi na littafin ba, ya ɗauko abin da yake gani kullum a titin Katsina ya harba shi sama, kuma haka masu wannan sana'a suke farawa. A Legas, kamfanin Comic Republic ya soma fitar da jarumai 'yan Najeriya tun 2013, amma da Hausa filin yana nan kusan babu kowa, alhali Umaru Dembo ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya tun 1969 a cikin littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya. Ki sa a nemo masa shi a wurin masu sayar da littattafai na Sabon Gari.

Inda nake tare da mahaifinsa shi ne batun dare da littafin lissafi. A karɓi wayar bayan isha'i a mayar masa bayan ya dawo daga Islamiyya ya gama aikin gida, sannan a saya masa littafin zane da fensir nasa na kansa, a ce masa kumbo na gaba a can za a ajiye shi.