Ga ɗan'uwan da ƙarar kunnensa ke tashi idan ya sa hedifon

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka sau biyu, wallahi kamar ni na rubuta ta. Ka ce ka sayi hedifon mai kashe hayaniya don ka samu sauƙi, amma da ka kunna shi sai ƙarar ta tashi fiye da da, har kana tsoron ko ya ƙarasa lalata maka kunne. Kwantar da hankalinka, na bi ta nan.

Tawa ƙarar a wurin aiki na samo ta. Shekara 9 ina tsaye gaban injin markaɗa roba, ba a taɓa ba mu ko audugar toshe kunne ba. Ranar da na je wa mai gidanmu da maganar cewa kunnena na kuka dare da rana, ko ɗago kai bai yi ba, cewa ya yi raki ya yi min yawa, in ba zan iya ba ga masu jira a bakin ƙofa. A gaban yaran da ni na koya wa aiki ya faɗa. Har gobe in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Na bar shi da Allah.

Hedifon ɗin kuwa kuɗin adashi na kwasa na saya, don mai shagon ya rantse min cewa kowace irin ƙara yana kashe ta. Daren farko an ɗauke wuta, janaretan maƙwabci na ruri. Na sa, na danna. Rurin ya ɓace ɗif, sai ga tsiiii ɗin nan ta cika min kai, babu abin da ke rufe ta. Na cire na jefar, na fita tsakar gida na zauna a kan turmi ina kuka kamar yaro, maiɗakina na tambaya ko rasuwa aka yi. Har aka kira asuba ban runtsa ba.

Sai daga baya mai gwajin ji ta fahimtar da ni. Na'urar tana da ƙananan makirufo da ke ɗaukar sautin waje, sai ta fitar da kishiyarsa su soke juna. Ta fi ƙarfi a kan sauti mai kauri da ba ya canzawa, irin rurin inji, fanka ko jirgin sama. Tamu ƙarar kuwa ba daga waje take shigowa ba, jijiyar ji da ƙwaƙwalwa ne ke ƙirƙirar ta, makirufo ba zai taɓa kama ta ba. Abin da ya faru kawai, bargon da ke lulluɓe ta aka yaye. Ta ma ba ni labarin wani gwaji da Heller da Bergman suka yi a Amurka a 1953: sun sa mutane masu lafiyayyen kunne a ɗakin da sauti ba ya shiga, kashi 94 cikin ɗari suka ce sun ji ƙara. To ina ga mu?

Saboda haka kar ka yar da shi, amma don Allah kar ka ƙara kunna shi babu komai a ciki. Ni sautin ruwan sama nake sawa ko karatun Alƙur'ani, can ƙasa ƙasa, yadda zan riƙa ɗan jin ƙarar tawa a gefe. Amfaninsa na gaske a mota ne ko kasuwa, inda da sai na ƙure murya kafin in ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa 40 a mako shi ne iyakar abin da ya kamata babban mutum ya saurara, mu kuwa Allah kaɗai ya san nawa muka sha a gaban injin nan. Kuma kar ka wuni da shi. Na yi wata biyu ina ɓuya a cikinsa, sai da ta kai ƙarar cokali a faranti na sa ni zabura. A gida ka bar fanka ko rediyo, kunne na buƙatar sautin duniya.

Wani abu, ban sani ba ko kana shan magani barkatai. Kwinin da allurar jentamaisin da asfirin mai yawa duk suna taɓa kunne, ka daina karɓa a kemis ba tare da likita ba. Man da ake ɗigawa ma na gwada, asarar kuɗi ce.

Ba ka faɗa mana ba, kunne ɗaya ne ko biyu? In ɗaya ne, ko ƙarar na bugawa tare da bugun zuciyarka, ko jinka ya ragu farat ɗaya, kar ka jira amsar kowa a nan. Ka je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a yi maka gwajin ji. In kana kusa da Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Allah ya ba mu lafiya, ka dawo ka gaya mana yadda kuka yi.